Dodon Bugu Na Uku

JABIRU: Salamu alaikum. Inna? Jabiru ne. Don Allah akwai wata baƙar jaka da na...

INNA: Jikan da na goya da gaisuwa yake farawa.

JABIRU: Yi haƙuri. Ina wuni, Inna?

INNA: Lahiya lau. Ka isa Kaduna lahiya?

JABIRU: Lafiya ƙalau. Ya ƙafar?

INNA: Da sauƙi.

JABIRU: Ya Gwaggo Ramatu? Ya mutanen Yelwa?

INNA: Kowa lahiya. Ya gajiyar mota?

JABIRU: Babu gajiya. Inna, jakar...

INNA: Ga ta gabana. Na buɗe.

JABIRU: Kin buɗe? Innalillahi! Inna, littafin wasanmu ne, wanda na ce miki muna yi da abokaina. A zauna a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran su zama jarumai, a jefa ɗan lido...

INNA: Caca ke nan.

JABIRU: Wallahi ba caca ba ce! Littattafai biyun nan tsofaffi ne. Takardun da ke cikin leda su nake nema, zanen bugu na uku ne.

INNA: Bugu uku? Wa ya buge ka?

JABIRU: A'a! Bugun littafi! Halo? Ranar Litinin mai ɗab'i zai karɓa, in ta wuce sai baɗi. Wata huɗu ina zana su da hannu, kuma ba ni da wasu. A ba direba a tasha gobe da safe, shi ke nan.

INNA: Tsaya. Tun azahar na jera su kan tabarma ina kallo. Wanga na littahin fari, dodon ruwa mai kan kada da ido guda, na san shi. Shi nake ba ka labari don kada ka tahi bakin gulbi.

JABIRU: Shi ne, Inna. Naki ne.

INNA: Dodon kirki ke nan. Yaro ya gan shi ya ruga. A na biyu sai ga shi ya yi ƙiba, kai bakwai, haƙora har ƙirji. Wa ke ciyar da shi?

JABIRU: Ba kowa! 'Yan wasa ne suka ce na farkon jifa biyu ake kashe shi, sai muka ƙara masa kawuna. Sai kuma ya koma abin dariya, ba mai tsoronsa. Shi ya sa a na ukun... Inna, kada ki duba na ukun.

INNA: Na riga na duba.

JABIRU: Inna...

INNA: Babu kan kada, babu haƙori. Mutum ne zaune cikin jirgi da malfa, ya miƙo hannu yana murmushi. Daga ƙugu zuwa ƙasa wutsiyar tarwaɗa ta bi ƙarƙashin jirgin. Jabiru, huskar wa ka sa masa?

JABIRU: Layin ba ya... ban ji ba.

INNA: Ka ji sarai. Wushiryar nan ta wa ce? Tabon ga na gira, ni na ɗaure shi da tsumma ran da ya faɗo daga mangwaro. Ɗana na fari ka mai da dodo?

JABIRU: Ba Baba ne dodon ba, wallahi! Dodon aron fuska yake. Fuskar wanda ruwa ya ci yake ɗauka, ya kira danginsa su shigo jirgi. Na nemi abin da ni kaina ba zan iya gudu in na gani ba, ban samu ba sai wannan. Ko yau na gan shi, shiga zan yi.

INNA: Shekara goma sha tara tun da jirginsu ya kife hanyar kasuwar Wara. Ba gawa, ba kabari. Hoto guda da ya bari gara ta cinye. Har na soma mance yadda yake dariya, sai yau.

JABIRU: Zan zana miki wani, Inna, babba, da riga da hula, in sa a gilashi. Wannan dai ki ba ni. Mu huɗu ne a aikin nan, duk ni suke jira.

INNA: Wani zai fito awa wanga?

JABIRU: ...Ban sani ba. Sau talatin na gwada kafin ya fito.

INNA: To ka gani. Sauran takardun za su isa tasha gobe. Wanga ba ya shiga hannun yara suna jifansa da ɗan lido.

JABIRU: Shi ne gaban littafin! In babu shi babu littafi! Inna, katina saura kaɗan, don girman Allah...

INNA: Wutsiyar ce ba tashi ba. Ita zan aiko maka, ka liƙa ma wanda ka ga dama. Ramatu! Miƙo mini almakashi.

JABIRU: Inna, kada ki yanka! Gwaggo! Gwaggo Ramatu, ki riƙe ta, kada ki ba...