Tagar da ke Kallon Layin Tireloli

A rumfar mai abinci da ke gindin gadar tsallaka iyakar ƙasa ta garin Nuevo Laredo, Eusebio na zaune da ledar magani a cinya, wani direban tirela na cin tako, wato nama a naɗe cikin fanken masara, a gefensa.

"Maigida, wannan magani haka, kanti za ka buɗe?"

"Na 'yata ne. Likita ya ce huhunta kamar na tsohon mashayin taba. Shekararta bakwai fa! Har gadonta na mayar bakin taga don ta sha iska."

"Ina gidan?"

"Shuɗin benen nan na kan layinku."

Direban ya ajiye abincin. "Nan muke yin awa biyar kullum kafin mu tsallaka. Bututun hayaƙinmu daidai tagogin sama yake."

"Ba kwa kashe injin?"

"Wa zai kashe? Kana kashewa layi ya motsa, wani ya shige gabanka."

"Awa biyar? Ni da hannuna nake buɗe mata tagar!"

"Tsaya. Mai kitso biyu, wadda ke ɗaga mana hannu da safe?"

"Ita ce."

"Wayyo Allah," in ji direban. "Ni kuwa har totur nake taka mata, injin ya yi ruri, don ta yi dariya."