Amin ɗin Rediyo da Ɗakin Ajiyar Kujeru

Mai girma shugaban wannan taro, Babanmu Fasto, da Mamanmu uwargidansa. Iyayenmu dattawan ikkilisiya da ke zaune a sahun gaba, inda iskar fanka ta fi kaiwa. Shugabar zumuntar mata da mataimakanta. Mawaƙanmu da Allah ya ba murya, ya kuma ƙara musu da lasifika. Malaman makarantar Lahadi. Masu tsaron ƙofa, waɗanda zan dawo kansu nan gaba kaɗan. Matasa maza da mata. 'Yan'uwana iyaye mata da ke bencin baya, kowace da jakar kayan yaro a ƙafa. Jama'ar Allah baki ɗaya, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Salama a gare ku.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ƙarshen wannan dogon hutu na zafi da ranmu da lafiyarmu. Ina gode wa shugaba da ya ba ni damar magana, ko da yake sai da kafaɗata ta yi tsami kafin a ga hannuna. Godiya ta musamman kuma ga kwamitin tsarin sujada, wanda ya yi zama bayan zama cikin wannan zafi, ya sha ruwan sanyi, ya share gumi, har ya haifo mana ƙudurin da za mu ɗaga wa hannu yau: wai daga yanzu duk yaron da bai kai shekara uku ba, ba zai ƙara zama cikin sujada ba, za a kai shi ɗakin ajiyar kujeru da ke bayan coci, shi da wanda ya kawo shi, har a tashi. Sannunku da aiki, iyayenmu. Rufin cocin nan yana yoyo, matasanmu suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, akwai gwauraye da marasa lafiya da ba a leƙa ba tun bara, amma kwamiti ya duba gabas ya duba yamma, ya gano babban abokin gaban ikkilisiya, tsawonsa kuwa da ƙyar ya wuce gwiwata.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar firamare ce, ni ce kuma maman Rediyo. Rediyo laƙabi ne da babanta ya sa mata, domin tun da bakinta ya buɗe ba mu gano inda ake kashe ta ba. Shekarunta biyu da 'yan watanni. Ba a ambaci sunanta cikin ƙudurin ba, amma babu wanda ke zaune a nan da bai san don wa aka yi shi ba, saboda haka kada mu wahalar da juna da kwana-kwana.

Magana ta farko ita ce in tuna wa kwamiti yadda ɗan shekara biyu yake. Waɗansunku 'ya'yanku sun girma har sun yi gemu, kun manta. Waɗansunku kuma ko a lokacin ba ku sani ba, domin kuna fita suna barci, kuna dawowa an yi musu wanka an shafa musu hoda, sai dai ku ɗaga su sama ku ce kai, yaron nan akwai hankali.

Hutun nan ni da ita muka yi shi, daga farko har ƙarshe. Rana ba ta gama fitowa ba za ta hau cikina tana ɗaga mini fatar ido da yatsa, ta ga ko ina ciki. In na cika mata bahon roba a baranda, sai ta shiga da rigarta, da cokali, da 'yar tsanarta, wata rana har da wayata. Ta ci kankana, ta adana 'ya'yan a hanci. Ta gano firji ya fi ko'ina sanyi a gidan, sai ta riƙa sa takalmin babanta a ciki don tausayi. Da tsakar rana, lokacin da mutum ba ya son ko rigarsa ta taɓa shi, lokacin ne take son goyo. Na gaji, ba zan ɓoye muku ba, na gaji har akwai ranar da na yi kewar ajina mai cike da hayaniya. Amma ina sonta son da ban san akwai irinsa a cikina ba.

Cikin wannan hargitsi kuwa koyo take yi. Wasan da ta fi so shi ne wasan coci. Takan kwaso takalman gidan duka ta jera a tabarma, ta hau 'yar kujera riƙe da ludayi, ta yi musu waƙa, ta yi musu wa'azin da ba ka gane ko kalma ɗaya, sannan ta zagaya da murfin tukunya tana karɓar kuɗin baiko. Wa ya koya mata? Ku ne. A nan ta gani.

Abu ɗaya ne ta koya a gida. Ba ma cin abinci sai mun riƙe hannun juna mun yi addu'a, ni kuwa, 'yan zumunta shaida ne, in na fara ban san gajeriyar hanya ba. Babanta mai gyaran firji da fanka ne, lokacin zafi shi ne lokacin aikinsa, yakan dawo da yunwa kamar ya ci kwanon. Sai ya jira in ja numfashi, ya ce amin da ƙarfi, ya kai hannu. Rediyo ta ɗauke tsaf. A saninta, in babba ya yi ta addu'a har ya ja dogon numfashi, taimako yake nema, sai a ce masa amin ya huta.

Magana ta biyu ita ce abin da ya faru a waccan Lahadi, domin na ji yadda ake ba da labarin a gidaje, har ya yi ƙafafu. An ba Baba Dattijo addu'ar roƙo. Baba, ka gafarce ni, ba raini ba ne, 'yarka ce ni. Muna tsaye, ido a rufe, zafi kamar a cikin tukunya. Baba ya yi wa shugabanni addu'a, ya yi wa manoma, ya yi wa ɗalibai, ya shiga matafiya na ƙasa da na ruwa da na sama. Da ya ja numfashi zai shiga marasa lafiya, sai wata 'yar murya daga bencin baya, daga kan kafaɗar babanta, ta ce, "Amin!"

To, jama'ar Allah, me ya biyo baya? Kun manta? Ni ban manta ba. Duk cocin nan, daga gaba har baya, kuka amsa "Amin!" da irin ƙarfin da ban taɓa jin kun amsa ba, kuka zube kan benci kamar buhuna. Mai ganga ya buga, mawaƙa suka ɗauki waƙa, Baba yana tsaye baki a buɗe, marasa lafiya suna nan a kan harshensa. Na buɗe ido na ga fuskokinku, ban ga baƙin ciki a ko ɗaya ba. Yarinya ta faɗa sau ɗaya, coci guda ya maimaita da murna, amma da aka zo neman mai laifi sai aka zaɓi wadda ba ta iya bambanta takalmin dama da na hagu ba. Wannan jaruntaka taku ta burge ni.

Kafin waƙar ta ƙare, mai tsaron ƙofa ya zo da farar safar hannunsa ya kama gwiwar hannun mijina, ya ce, "Malam, an ce ka fita da ita, tana hana mutane jin Allah." An bi da shi ta tsakiyar coci, ba ta gefe ba, kowa yana kallo. Ya tsaya a matakala cikin rana da yarinya a kafaɗa har aka tashi, kuka wuce shi kuna gaisawa da juna.

Tana hana mutane jin Allah! Wayar wani da ke gaba tana yi mana kiɗa kowace Lahadi a tsakiyar wa'azi, ba a kama gwiwar hannunsa ba. Akwai munsharin da muka saba da shi har in ba mu ji ba mukan tambaya ko lafiya, ba a kama gwiwar hannunsa ba. Akwai masu zuwa a makare da takalma masu tsini suna ƙwas-ƙwas har sahun gaba don a ga sabon ɗinki, akwai masu ɓare alewa a ɓoye, akwai lasifikar da ke ihu har haƙoran mutum su yi tsami. Duk wannan bai hana ku jin Allah ba. Kalma ɗaya tak daga bakin yarinya, kalmar da ku kuka koya mana mu koya mata, ita ce ta toshe muku sama. Ba zan karanta muku aya a kan yara ba. Kun fi ni sanin inda take, kuna ma sa su haddace ta a makarantar Lahadi.

Magana ta uku, ɗakin da kuka zaɓa mana. Ina so in san ko cikin 'yan kwamiti akwai wanda ya taɓa shiga cikinsa da rana tsaka. Ni na shiga jiya. Rufin kwano ne ba silin, taga ɗaya ce an kuma kafe ta da ƙusa, karyayyun kujeru sun kai rufi, ga tsohuwar ganga da ɓeraye suka mayar gida. Ko biredi ka ajiye a ciki sai ya gasu karo na biyu. Wai za a ja mana waya a sa lasifika don mu riƙa jin wa'azi. Mun gode da karamci. In lasifika ta isa zumunci, ai kowa sai ya zauna a gidansa, mu sayar da bencin nan mu huta. Kuma ku da kuke tsayawa ranar miƙa jarirai kuna alkawari da babbar murya cewa za ku taya mu renon su cikin tsoron Allah, ashe a ɗakin ɓeraye kuke nufi? Da kun faɗa tun a ranar.

Magana ta ƙarshe ita ce wadda ta tayar da ni tsaye, kuma a nan ba ni da abin dariya. Ba ku san wanda kuka fitar ba. Mijina ya bar zuwa coci tun kafin mu yi aure. Shekara da shekaru ina roƙo, ina faɗa, ina kuka, ina azumi. Zumuntar mata ta yi masa addu'a har ta gaji. Babanmu Fasto ya je shagonsa, mijina ya ba shi kujera da lemo, amma bai zo coci ba. Abin da duk muka kasa, Rediyo ce ta yi. A farkon hutun nan, wata Lahadi da safe, ta jawo takalminsa har bakin ƙofa, ta zauna a kai tana cewa, "Baba, coci. Baba, tashi." Ya yi dariya, ya ce, "To, uwata, yau ɗaya dai." Ya zo. Lahadi ta gaba ya sake zuwa. Ya fara rufe shago ranar Lahadi a daidai lokacin da kasuwarsa ke ci, har na ji shi yana bin waƙa ƙasa-ƙasa a banɗaki. Ban gaya wa kowa ba, don ina tsoron in na faɗa abin zai tashi.

Tun ranar da aka kama gwiwar hannunsa bai sake takowa nan ba. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Na ce masa ya yi haƙuri, sai ya ce, "Ba komai, maman Rediyo. Ai da ma na san ba wurin irina ba ne." Ya koma buɗe shago.

Rediyo kuwa tana nan tana wasan coci, sai dai ta ƙara masa sabon sashe. Yanzu in ta jera takalman ta yi musu waƙa, sai ta sa safa a hannu, ta ɗauki nata ɗan takalmin da na babanta, ta kai su bayan ƙofa, ta ce, "Shhh! Waje!" ta rufo. Wannan ma a nan ta gani. Ranar da babanta ya fara ganin haka, ya tashi daga kan abinci bai gama ba.

Yau shi ya kawo ni a babur. Na ce mu shiga tare, ya ce, "Je ki, za mu jira ki a inda aka ba mu." Suna can ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, shi da ita. Amma ga abin da nake so ku sani kafin ku ɗaga hannu: da safen nan ban ce masa komai ba, ban ajiye masa komai ba, da kansa ya ɗauko farar rigarsa ta zuwa coci, ya goge, ya sa. Mutumin da ya zo ajiye matarsa kawai ba ya goge riga.

Ƙofar can a buɗe take saboda zafi, kuma ina roƙon mai tsaron ƙofa ya bar ta haka. Daga inda yake zaune yana hango hannuwanku. In kun amince da ƙudurin, ikonku ne, sai dai Baba Dattijo ko wani daga cikin kwamiti ya fita ya gaya masa da bakinsa, domin ni ba zan iya ba.

Ubangiji ya albarkaci wannan taro, ya ƙara wa Babanmu Fasto hikima, ya ba dattawanmu tsawon rai da tunawa da ƙuruciya. Ya warkar da marasa lafiyar da aka bari a hanya a waccan Lahadi. Ya ƙarfafa iyaye mata da ke bencin baya, ya raya mana 'ya'yanmu, ya sa kada su girma suna zaton gidansa yana da bayan ƙofa. Ya mai da kowa gida lafiya. Zan tsaya a nan, na ja numfashina, mai taimakona da amin kuwa tana waje.

Na gode.