Niƙabin da Ba a Cirewa Ko a Ɗaki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tela ne a Daura, gajiya ce ta sa na rubuto.

Bara risho ya fashe wa maiɗakina, Maman Sadiya, wuta ta ci mata kunci har wuya. Tana jinya ƙanwarta ta karɓo mata hayar wani littafin soyayya, labarin kyakkyawar da ta ƙone, mijinta ya guje ta, baƙin ciki ya kashe ta. Tun da ta warke ta sa niƙabi. Maƙwabta sai yabo suke, wai Shari'a ta zauna a gidana. Ba su san ko a ɗaki ba ta cirewa ba.

Na ce mata, "Maman Sadiya, wallahi ban canza ba." Ta ce, "Shi ma na littafin haka ya fara cewa."

Da Sallah na sayo mata hoda da janbaki kamar kowace shekara. Ta yini tana kuka, wai ba'a nake mata.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ke kuma Maman Sadiya, na san kina sauraro. Ni ba mutumin littafin nan ba ne. Wata goma ke nan rabona da ganin dariyarki.