Mahaifiyata Tana Son Zuwa Gombe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ina rubuto muku daga unguwar Fezzan, nan Maiduguri. Mahaifiyata a jirgin ƙasa ta zo garin nan tana amarya. Yanzu ƙanwarta tana kwance ba lafiya a Gombe, ita kuma ciwon baya ya hana ta zaman mota. Ta matsa na kai ta tashar jirgi, muka tarar ciyawa ta rufe layin dogo, awaki suna kwance ƙarƙashin taragu. Ta ce, "Ɗana, to ta ina zan je in ga 'yar'uwata?" Kullum a ce za a gyara layin, shiru. Masu sauraro, yaya zan kai ta tun suna da rabon ganawa?