Garin Da Na Riƙa Kaɗawa A Kunu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Kun san ni da ba da waƙa a zumuntar mata, amma ba ku san abin da na yi wata takwas ina rufewa da gyale ba.

Maƙoƙo ne ya fito mini. Likita a nan unguwar Bronx, inda muke zaune a ƙasar waje, ta ce ya fara danne mini maƙogwaro, sai an yi aiki, kuma ba ta ɓoye mini ba cewa muryata tana iya canjawa. Ni da ban iya komai a gidan Ubangiji ba sai waƙa!

Na kira gwaggona a gida. Ta ce kul na bari aka sa mini wuƙa. Ta aiko da garin wasu saiwoyi ta hannun wani mai shago a Fordham Road, kullum da safe in kaɗa a kunu. Duk sanda likita ta tambaya ko ina shan wani magani, sai in ce a'a. Wai ni mai wayo, ai kunu abinci ne.

Kumburin bai ragu ba. Sai ma zuciyata ta fara bugawa kamar ana daka, hannuna yana rawa, har na kasa ɓalla wa tsohuwar da nake aikin kula da ita maɓallin riga. Ran nan a cikin jirgin ƙasa mai zuwa Parkchester numfashi ya ƙi wucewa. Tsoro ya kama ni, na ga gawata ce za a kai gida a akwati. Na ce, "Yesu, ƙarya nake yi, kuma tsoro ne ya sa ni. Ka riƙe ni."

Da ƙullin garin a hannu na shiga asibiti. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi sunan itacen, ban sani ba. Na kira gwaggo, ita ma ashe mai maganin da ya ba ta bai gaya mata ba. Likita ta ce yawancin irin waɗannan saiwoyi ba a gwada su sosai a jikin mutane ba, wasu ma ƙara rikita ciwon suke yi. Wata takwas ina haɗiyar abin da ba shi da suna.

An yi aikin lafiya. Muryata ta dawo, amma ta yi ƙasa, yanzu ina cikin masu amshi. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ce ba ya yi ba. Amma ina numfashi, na gode wa Allah. Duk mai jin tsoro irin nawa, ya dogara ga Ubangiji, ya gaya wa likita gaskiya tun yana iya magana. Amin.