Ƙaguwar da Ta Haihu

A bencin ƙofar ofishin shugabar makaranta, wani mutum da wata mata suna jiran a kira su.

"Malam, kai ma ɗanka ne ya yi laifi?"

"'Yata ce, Hajiya, amma ni na jawo. Ƙaguwa muke kiwo a falo, cikin akwatin gilashi. Ran nan da safe na gan ta a kife, ba motsi. Na ce yarinyar nan ba za ta yi kuka ina raye ba. Na binne gawar a gindin fulawa, na ruga kasuwa na sayo wata kafin a tashi makaranta."

"Ai ka kyauta."

"Ina fa! Ashe ɓawo na yi wa jana'iza. Saɓa ta yi irin ta maciji, ita tana laɓe ƙarƙashin dutse. Yarinya ta dawo ta tarar da biyu."

"Sai ka ce mata me?"

"Da gemuna da digirina, na ce haihuwa ta yi."

"Jariri girman uwarsa?"

"Ya ma ɗan fi ta. Jiya wani yaro a ajinsu ya ce ƙarya ne, ta fasa masa leɓe. Wai babanta bai taɓa ƙarya ba."

Matar ta gyara zaman jakarta a cinya.

"Ɗinki uku aka yi masa. Ɗana ne."

"Subhanallahi! Hajiya, don Allah in mun shiga..."

"Ɗinkin na yafe. Amma a gaban 'yarka za ka ce ɗana ne ya faɗi gaskiya."

Mutumin ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Da ma ni ta fasa wa leɓen."