Layin Raken Gajere

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban taro kuma mai garin Koto Rimbun; mai girma Depati, uban al'adunmu; limaminmu Buya Marzuki; iyayenmu mata da suka zauna can baya inda inuwa ta fi kyau; samarinmu da suka zo da tarkuna a kafaɗa tun kafin a yanke shawarar ɗana su; jama'ar tudu da jama'ar bakin rafi, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ina godiya da aka ba tsohon malamin makaranta dama ya yi magana, alhali yawancinku kun san abin da hakan yake jawowa.

Kafin komai, wajibi ne in sanar da wannan taro, cikin alhini da juriya, cewa an shanye mini rake. An shiga gonata ta gindin dutse, an karya, an tauna, an zubar mini da tuka a kan kunya, kamar mai cewa in na ji haushi in biyo sawu. Mai ɗakina Rosmaini tana karɓar jaje a gida, amma kada ku je, don tun ranar dariya take yi.

Mun taru ne domin shawara guda: a ɗana tarkunan waya a bakin daji, ko kada a ɗana. Hendri, shugaban samari kuma tsohon ɗalibina, ya same ni a shagon kofi ya ce, "Malam, kai kawai za ka tashi ka gaya musu mai shanye mana rake dabba ce, ba Gajere ba. In kai ka faɗa, tsofaffin nan za su yi shiru." Na ce masa zan faɗi abin da na sani. To, ga shi.

Na farko, wane ne Gajere? Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ta Kerinci ya san shi, kuma babu wanda ya taɓa gaisawa da shi. Tsayinsa bai wuce ƙirjin babban mutum ba, jikinsa duk gashi, da ƙafa biyu yake tafiya. Mutanen tudu sun rantse diddigensa gaba yake kallo, mutanen bakin rafi sun ce ƙarya ne, kuma saboda wannan muhimmin batu akwai gidaje biyu a garin nan da har yau ba sa aron turmi a tsakaninsu. Baƙi sun zo daga ƙasashe masu nisa, sun ɗaura na'urorin hoto a jikin bishiyoyi, sun jira damina ta wuce. Sun samu hoton barewa, sun samu hoton aladen daji, sun samu hoton wani dattijo da ke zaune a sahun gaba yanzu haka, a wani hali da ba zan bayyana a gaban liman ba. Gajere dai bai tsaya an ɗauke shi ba.

Na biyu, daga ina ya fito? A nan ne na ɓata ƙuruciyata. Na karanta masu cewa wani babban biri ne da ya gaji da hawan bishiya. Na karanta masu cewa ragowar wasu mutanen farko ne da suka ga irin rayuwar da muke yi suka ce a bar su a daji. Na karanta masu cewa iyaye mata ne suka haife shi da baki, don yara su daina nisa da gida. Ni kuwa na tsaya a kan beyar, baƙar dabbar nan mai farin ƙirji mai son zuma, wadda in ta miƙe tsaye a cikin hazo sai mai tsoro ya ga mutum, in ta taka laka sai ta bar sawu kamar na yaro. Haka na koya wa 'ya'yanku, na zana musu a allo, na ba su jarrabawa a kai. Hendri ya ci, kuma ita kaɗai ya ci.

Na uku, layin Gajere. Kun san duk gonar da ta jingina da daji, layin rake na ƙarshe ba a sare shi. Rabonsa ne. Kakanninmu, waɗanda ba su da ko allo, suka ce a bar masa ya ci a baki, kada ya shigo ciki. Ni da na yi karatu na ga wannan asara ce. Bara na wasa addata, na kira shaidu, na sare layina har ƙasa. Gwaggo Nurbaya tana wucewa da ɓawon kirfa a ka, ta tsaya tana kallona. Kun san ta, ita ce ta ce ta ga Gajere ido da ido a bakin rafi tun tana amarya, ni kuma na shafe shekaru ina ba ta shawarar ta nemi tabarau.

Ta ce, "Malam Syafril, wa ka bar wa?"

Na ce, "Gwaggo, babu mai ci. Tatsuniya ba ta da haƙori."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. In ta zo, ka karanta mata littafin."

Maƙwabta suka ga malami ya sare bai mutu ba, su ma suka sare. Bana abin da ba shi da haƙori ya zo bakin daji bai samu komai ba, ya shigo tsakiyar gonakinmu, ya fara da tawa. Ina yaba masa a kan wannan adalci.

Yanzu ga maganin da samarinmu suka kawo: waya. Ina so in tambayi Hendri a gaban iyayensa, wane aji wayar nan ta gama da har za ta bambance ƙafar beyar da ƙafar mutum? Kun gwada guda ɗaya a makon jiya, ba da izinin kowa ba. Me ta kama? Ta kama Belang, karen Gwaggo Nurbaya. Ga shi can kwance a gindin kujerarta da ƙafa uku, ku juya ku gan shi. A gabanta yake tafiya, shi ya sa. Hanyar da kuke so ku jera tarkuna ita ce hanyar da take bi kullum zuwa bishiyoyin kirfarta, kuma da kirfar nan take ci. In kun ɗana, ko dai ta daina zuwa ta zauna da yunwa, ko ta ci gaba da zuwa har ranar da kare bai riga ta ba. Na je duba shi, ban ji ta zagi kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, sauran ƙafafunsa uku, nawa biyu. Ka ce wa yaranka su lissafa."

Hendri, ka ce in faɗa musu dabba ce. Na faɗa, dabba ce. Lokacin da sunansa Gajere, ana bar masa abinci ana wucewa da sallama, kuma babu wanda ya rasa ƙafa. Da na mayar da shi beyar, sai ga waya a kafaɗarku. Wannan shi ne ci gaban da ilimina ya kawo wa Koto Rimbun, kuma ba sai kun tafa mini ba.

Saboda haka ina roƙon mai gari, ina roƙon Depati, ina roƙon duk mai gona a gindin dutse: a mayar da wayar nan shingen kaji, a mayar da layin rake bakin daji. Wanda yake jin kunyar cewa na Gajere ne, ya ce na beyar ne. Mai ci ba zai tambaya ba. Ni na dasa nawa shekaranjiya, Rosmaini na riƙe mini irin tana tambayata a wane shafi aka rubuta haka.

Allah ya kiyaye ƙafafunmu da na dabbobinmu. Allah ya albarkaci kirfarmu da kofinmu da rakenmu, wanda za mu sha da wanda za mu bari. Allah ya shiryi samarinmu, ya yafe wa malamansu. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Gwaggo Nurbaya, har gobe ina nan a kan bakata cewa beyar kika gani. Amma da na ce babu mai cin layin nan, na yi kuskure. Akwai shi, kuma haƙoransa lafiya lau.

Na gode.